Mayafin Sahiya a Kan Geza

Shafi na 19

Ku da kuka hana wayata sakat da "ina sauran, ina sauran", ga shi nan. Wadda ta san hawayenta a kusa suke ta matso da bakin zanenta tun yanzu, kada a ce ban faɗa ba.

Mun bar Sahiya da mijinta Mushe Ishaku, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki (Mushe shi ne laƙabin malaman boko a can), sun baro Konni tun da sassafe, sun sauka a Tajaye, sun hau amalanken jaki zuwa Zangon Dutsi, ƙauyen da ya fara koyarwa yana saurayi. Ya ce zai cika mata tsohon alkawari, ya nuna mata Makwarara, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Ita kuwa a ƙasan jakarta akwai takardar da ta tsinta a aljihunsa ranar wanki, mai tambarin gidan likita. Da Faransanci aka rubuta ta, Sahiya kuma ba ta taɓa shiga aji ba. Kwana tara ke nan tana yawo da ita, ta kasa tambayarsa, ta kasa nuna wa kowa.

*

Tun ba su ga ruwan ba suka fara jin rurinsa.

Yakuba ya ja linzamin jaki. Shi ne mai amalanken, magidanci mai furfura a gemu, amma har yau in Mushe ya yi gyaran murya sai ya gyara tsayuwa, don a hannunsa ya koyi baƙaƙe.

"Nan za ku sauka, Mushe. Jakki ba shi wuce wurin ga."

Sahiya ta riga su sauka. Ta zagaya wani ƙaton dutse, sai ta tsaya cak, hannu a ƙirji.

Ruwa ne yake tahowa daga can saman jan dutse, tsawon bene ko fiye, ja a sama saboda ƙasar da ya kwaso, fari fat a ƙasa inda yake farfashewa. Feshinsa ya cika wurin, har ciyawa tana rawa. Ba kullum yake zuba ba. Sai an yi ruwa mai ƙarfi a kan tudu yake zubowa kwana ɗaya ko biyu, ya ɗauke, dutsen ya koma busasshe abinsa. Shi ya sa yau wasu samarin Illela suka hawo babura suka zo, suna ta ihu suna ɗaukar juna hoto.

"Malam!" ta ɗaga murya. "Wanga abu dut ruwa na?"

Mushe yana tahowa a hankali, riƙe da hannun Yakuba, yana zagin gwiwoyinsa kamar yadda ya saba kwanan nan.

"Ba na hwaɗa maki ba? Shekara talatin da ɗaya kina cewa ƙarya nika yi."

"To mutum ya ce akwai gulbi mai tahiya tsaye, wa ka yarda da shi?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin azumi, sai ta ji zuciyarta ta yi sanyi, ta kusa manta takardar.

Ya laluba aljihu ya fito da wayar da 'yarsu Maryam ta aiko masa daga Yamai.

"Yakuba, buɗe mani wurin hoto. Yawwa. Tahi ka ba jakkinka ruwa, ni za ni ɗauki matata da hannuna."

Yakuba ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya koma wajen amalanke.

Sahiya ta ji kunya ta kama ta sai ka ce amarya. Ta gyara mayafinta mai ruwan ɗorawa, wanda shi ne ya nace da safe sai shi za ta yafa, ba shuɗin da ta ɗauko ba. Ta je ta tsaya kusa da wata 'yar bishiyar geza a bakin ruwa, awarwaronta suna ƙara a hannu, ko da yake a wurin nan ita kanta ba ta jin ƙararsu.

"Nan ya yi?"

Bai ji ba. Ya dai ɗaga wayar.

Nan take iskar ruwan ta fizge mayafin daga kafaɗarta ta maƙale shi a kan gezar, ya baje tun daga sama har ƙasa. Garin cafko shi ƙafarta ta zame, silifa ɗaya ya bi ruwa.

"Tsaya, Malam! Takalmina!"

Ta gangara taku biyar ko shida ta hagunsa, ta tare silifan a tsakanin duwatsu, tana yi wa kanta dariya. Da ta ɗago don ta ga ko ya ga abin da ya faru, sai ta gan shi a inda yake, waya a gaban fuska, yana fuskantar gezar.

"Ɗaga kai kaɗan!" yake faɗa da ƙarfi. "Haba Sahiya, yi murmushi mana!"

Ta ƙara fashewa da dariya. Mushe da tsokana!

"Yawwa! Haka nan! Wallahi kin yi kyau."

Dariyarta ta ɗauke.

Ba muryar tsokana ba ce. Ta san muryar tsokanarsa, ta san wannan kuma. Da ita ya yi mata magana ranar da aka kai ta ɗakinsa.

Ta ɗaga hannu ta kaɗa. Bai juyo ba.

Ta hawo a hankali, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta zo ta tsaya a gefensa na hagu, kusa har tana ganin feshin ruwa a gemunsa. Bai san tana nan ba. Yana ta danna waya, yana lallashin geza ta matsa dama kaɗan don ruwa ya fito a bayanta.

Jama'a, ni da nake rubutawa ma sai da na ajiye waya na share ido.

Ta dafa kafaɗarsa.

Ya zabura har wayar ta kusa faɗuwa.

"Wa na?"

"Ni ta, Malam."

Ya juyo da dukan jikinsa, ya sake juyawa wajen gezar, ya sake dawowa.

Ta zare wayar daga hannunsa. Hoto goma sha ɗaya. Geza da mayafi, geza da mayafi, geza da mayafi. Babu Sahiya ko a ɗaya.

Ta je ta ciro mayafinta, ta sa takalminta, ta kama hannunsa. Tun da suke ba ta taɓa riƙe masa hannu a gaban mutane ba, yau ko ta kan samarin Illela ba ta bi ba. Ta ja shi nesa da rurin ruwan, har gindin wani kalgo inda Yakuba ya ɗaure jaki, ta zaunar da shi a kan dutse.

Sannan ta buɗe jaka.

"Yakuba, kai ka yi lakwal. Karanta mani wagga takarda."

Mushe ya ji ƙarar takarda, ya miƙa hannu cikin iska.

"Ina kinka same ta? Yakuba, kada ka karanta!"

Yakuba ya tsaya tsakaninsu, takarda a hannu, gumi a goshi. Ya dubi malaminsa, ya dubi matar malaminsa.

"Inna, ki yi mani rai. Ban taɓa ƙetare maganar Mushe ba."

"Da yab buge ka kan karatu, don ka karanta na, ko don ka ɓoye?"

Jaki ya kaɗa kunne.

Mushe ya sauke hannunsa a kan gwiwa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Karanta. Amma ka karanta daidai, kada ka ba ni kunya."

Yakuba ya gyara tsayuwa, ya bi layi da yatsa kamar ɗan aji biyu, yana fassarawa a hankali.

"Sunan Mushe na. Sun ce idon hagu ya mutu, ba a iya yi mai komi. Na dama kuma yanar ido ta ruhe shi, saura kaɗan. Sun ce a yi mai aiki a cire yanar. Likitocin ido na, baƙi, kwana biyar za su yi Konni." Ya tsaya, ya ƙara kusanto da takardar. "Sun ba shi rana."

"Wace rana?"

"Alhamis, ƙarhe huɗu na marece. Ita ta ranarsu ta ƙarshe."

Sahiya ta zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, da atamfarta ta fita unguwa.

"Yau Alhamis," ta ce.

Ba wanda ya musa.

"Tun yaushe, Malam?"

"Na hagun ya kai shekara biyu."

"Shekara biyu! Ina dahwa maka tuwo, ina wanke maka tuhwa, muna kwana ɗaki guda?"

"Gidana na sani, Sahiya. Taku sha huɗu daga ɗaki zuwa randa. Taku talatin zuwa masallaci. Ke kuma..." Ya laluba ya kama wuyan hannunta, ya girgiza awarwaron suka yi ƙara. "Ke kuma ga ki."

Ta kalli awarwaron. Guda shida, na azurfar kasuwa, ya kawo mata su da sallar bara, ya ce kada ta cire ko za ta yi daka. Ta yi ta yi wa maƙwabta fariya cewa tsohonta ya koma saurayi. Ashe ƙararrawa ya ɗaura mata don ya san inda take a tsakar gida.

"Ruwan ga na yat tona ni," ya ce. "Ya toshe mani kunne. Ban ji ki ba, sai nib bi kalar mayahi. Ita kaɗai nika rarrabewa yanzu, ruwan ɗorawa."

Haushi da tausayi suka haɗu suka tsaya mata a ƙirji, ta rasa wanda za ta fara fitarwa. Haushin ne ya riga.

"Dommi kaɓ ɓoye mani? Ni baƙuwa ta? Ko don ban yi lakwal ba, ka ga ba ni gane ciwon ido?"

"Subhanallahi! Ba haka na ba."

"To yaya na?"

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kansa duk fari.

"Kin san ubana makaho yar rasu. Ba ki san yadda yam makance ba. Yanar ido ta, irin tawa. Shina ganin hanya, shina zuwa gona. Wani mai maganin ido yaz zo kasuwa yac ce shina kwantar da ita. Ni nij ja shi da hannuna nik kai shi, ina ɗan shekara sha biyu. Anka soka mai wani ƙarhe cikin ido, ina riƙe da ƙahwahunai. Kwana ukku shina murna shina gani. Ran na huɗu duhu, har kabari."

Yakuba ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

"Na sani waɗanga likitoci na na gaskiya," Mushe ya ci gaba. "Na karanta, na koyar, na san bambanci. Amma in nit tuna za a kwantar da ni a kusanto da ƙarhe, sai in koma yaron nan mai riƙe da ƙahwahu. Ɗan hasken da yar rage mani, Sahiya, tsoro nika ji in ba da shi in dawo hannu wohi. Sai nic ce bari in kashe shi inda ya dace. In kawo ki nan, in gan ki gaban ruwan ga ko da inuwa ta."

"Kuma geza kag gani."

Ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo.

"Geza nig gani."

Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, ta duba waya. Lambobi dai ta iya su, ciniki ya koya mata.

"Sha ɗaya da rabi. Awa guda zuwa Tajaye, mu samu mota, kahin la'asar muna Konni. Yakuba, ɗaura ma jakki amalanke."

Yakuba bai motsa ba.

"Inna... ai na ɗauka kwana za ku yi. Mushe yac ce in share ɗaki, kwana biyu."

"Kwana biyu na mi?"

"Ranar da Makwarara ka zuba, ƙoramar da munka ƙetare da swahe cika takai. Ruwan gabas shika isowa in rana ta take tsaka. In ya iso ba mai wucewa, ko raƙumi, sai jibi. Kowa nan ya san haka." Ya saci kallon malaminsa. "Mushe ma ya sani. Sau nawa munka kwana biyu ba karatu saboda shina wancan ƙetare."

Sahiya ta juyo a hankali.

Sai yanzu ta gane dalilin rigar canji da ta gani a jakarsa, da rezar aski, da carbinsa na dare. Mutumin nan ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba kawai. Guduwa ya yi, ya zaɓi wurin da ruwa zai rufe ƙofa a bayansa.

"Ishaku."

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya ɗago a firgice, Yakuba kuwa ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Da wayo kak kawo ni nan."

"Da tsoro dai."

Ta durƙusa a gabansa, ta kama hannayensa biyu. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa.

"Saurara in gaya maka. Hoto sha ɗaya kaɗ ɗauki geza, kana ce mata ta yi kyau. Ni da niz zauna da kai shekara talatin da ɗaya ko guda ban samu ba. Ban yahe ba. Hotona nika so, nan wurin, da hannunka, kana ganina."

"In aikin ya ɓaci hwa? In ɗan abin da yar rage ya tahi?"

"In ka zauna ma tahiya shikai, takarda ta hwaɗa."

"Amma in ya tahi yau, gaba ɗaya?"

Ta girgiza hannunta kusa da kunnensa, awarwaro suka amsa.

"Sai ka ƙaro mani shida. In sa a ƙahwa ma in kana so, in riƙa yawo kamar akuyar Hilani, unguwa dut ta san Sahiya ta taso."

Ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Tsohon malamin da yara ɗari ke tsit in ya shigo aji, ga shi yana sheshsheka a gindin kalgo, goshinsa a kan hannun matarsa. Ta bar shi ya yi. Sai da ya lafa ta ɗauki hularsa ta sa masa, ta daidaita ta.

"Wancan karon kai kar riƙe ƙahwahu kana yaro," ta ce. "Wanga karon ni za ni riƙe naka. Tashi."

Ya tashi.

Ta ɗora hannunsa a kafaɗarta, kan mayafin ruwan ɗorawa, ta yi gaba yana biye. Babu sauran zagin gwiwa, tun da dai asiri ya riga ya tonu. Tana tafe tana faɗa masa, ga dutse, ga rami, ɗaga ƙafa.

Yakuba ya kora jaki yadda bai taɓa kora shi ba. Suka ratsa Zangon Dutsi ba tsayawa, mata a bakin rijiya suna ɗaga hannu suna kiran "Mushe! Mushe na!", wata tsohuwa ta biyo su da ƙwaryar fura, Sahiya tana ba da haƙuri daga kan amalanke. Suka wuce tsohon ajinsa, suka shiga gonakin gero da ya kai kafaɗa. Sama tas, ko gajimare babu, sai can gabas da ya yi baƙi.

Tun daga nesa Mushe ya ɗaga kai.

"Na ji shi. Ya hwara isowa."

Ƙoramar da suka taka da safe ruwa iya idon sawu, yanzu ta yi faɗi, ja wur, tana tafe da karare da rassa. A wancan ƙetaren ga hanyar Tajaye a shimfiɗe, kusa sai ka ce ka miƙa hannu.

Yakuba ya sauka, ya naɗe wando, ya nuna tsakiyar ruwa da sanda.

"Inna, kin ga baƙin dutsin can? Shi na ma'auninmu tun kakanni. In kainai na waje, amalanke na wucewa. In ruwa ya ruhe shi, ko sarki ba shi shiga."

Sahiya ta ƙura ido. Ga kan dutsen can, bai fi tafin hannu ba, ruwa yana lasarsa.

"Shina nan," in ji Yakuba, "amma ba shi daɗewa. Mushe, mi kac ce? Mu shiga ko mu koma?"

Sahiya ta dubi mijinta. Kalma ɗaya zai faɗa ya tsira da tsoronsa, kuma ba mai ganin laifinsa, ga ruwa kowa na gani.

Mushe ya juya fuskarsa wajen ƙarar awarwaro. Bai ɗauke hannunsa daga kafaɗarta ba.

"Ni ba ni ganin dutsi, Yakuba. Daga yau ita ka gani mani. Sahiya, abin da kinka ce shi za a yi."

Ta sake duban tsakiyar ƙorama.

Wata igiyar ruwa ta taho ta rufe dutsen ruf.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Kan dutsen ya sake leƙowa.

Sahiya ta buɗe baki.

*

Ni ma bari in sha ruwa. Ke mai karatu, ga mijinki a bayanki, ga ƙarfe huɗu na matsowa, ga dutse yana nitsewa yana fitowa: me za ki ce wa Yakuba?